Man Giya a Humrar Amarya

Ku da kuke cewa Yaya Jamila ta je Abuja ta dawo ba ko tsinke, ku matso ku ji. Ummi, ajiye wayar nan.

Kuɗin tafiyata akuyar Kaka ce, jar nan mai cin sabulu. A kasuwar Kiru aka sayar da ita, na haɗa farce da miski da madarar turare, wai ni zan je in koya wa matan birni ƙamshi. Jarina biyu ne, hancina da koriyar robar da nake haɗa humra a ciki.

A Mararaba na kama ɗaki, gidan wani tsoho, Oga Fidelis. Mutumin kirki ne, babur ɗinsa ne annoba. Kada ku ɗauka irin na 'yan acaɓan Yako ne. Ƙato ne kamar bijimi, ya girme ni, kuma a bakin tagata yake kwana. Na leƙa na ce, "Oga, ina sarƙar?"

Ya turo baki, kun ga, haka. "Kai yarinya, wannan ba cen. Wannan shaf!"

Wai ba shi da sarƙa, wani ƙarfe ne a cikin bututu yake juya tayar baya. Shaf. Kamar ana korar kaza.

Duk Asabar sai an kwantar da tsohon babur ɗin nan an yi masa jinya. Oga ya cire taya, ya zaro ƙarfen, ya lakato giris da yatsa yana shafa wa haƙoransa yana lallashi, "Sori, Baba, sori." Sannan shokazoba, abin da ke hana mutum jin rami. Tasa ta tsufa tana zubar da mai, shi kuma ya rantse ba zai sayi sabuwa ba, ɗaure ta kawai zai riƙa yi. Ɗaurin kuwa sai da nauyi a baya.

"Jamila, zo ka hau. Kai da Madam nauyi ɗaya."

Madam, matarsa, ta yi biyuna, amma wa zai faɗa? In hau, ya ce, "Yi tsalle!" In yi ta dira kamar buhun masara, babur yana ƙiii ƙiii, maƙwabta suna leƙe.

Duk wannan wasa ne. Akwai wani mai da ake tsiyayewa daga cibiyar tayar baya. Ya ce sunansa man giya. Na ce, "A'uzubillahi, Oga, ni musulma ce!" Ya yi dariya har da tari, ashe giyar mota yake nufi. To wallahi gara ta kwalba. Ku haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da daddawar da ta kwana a ruwa da mushen ɓera, ba ku kai ba. Ranar farko sai da na amayar da kokona. A hankali na daina ji, har ina murna na saba. Ashe hancin ne ya mutu.

Ana nan wata Hajiya mai aurar da 'ya ta ba ni haɗin humrar amarya gaba ɗaya. Ta ce in ya yi kyau, ƙawayenta duk nawa ne. Na juye komai da nake da shi a aikin nan. Na nemi koriyar roba, na gan ta a kife a tsakar gida, fes, har da sheƙi. Na haɗa, na ɗura a kwalabe, na shinshina, ni dai lafiya lau.

Hajiya ta buɗe kwalba ɗaya a falonta. Ta yi baya da kai, ta kama hanci da yatsu masu zobe.

"Ke, baiwar Allah, me ya mutu a ciki?"

"Hajiya, miski ne."

"Miskin gareji? Ladi, buɗe tagogi! Fitar min da ita!"

Na dawo ina huci. "Oga, ka taɓa robata?"

"Ƙaramin aro ne. Nawa ya fashe, mai yana zuba. Amma na wanke shi da fetur, sosai sosai!"

Da fetur! Yana faɗa yana jiran in gode. Da ya ga hawaye sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce zai kai ni tasha da kansa. A kan me? A kan Baba. Muka faɗa ramin farko shokazoba ta ce ƙwas, ƙashin bayana ya gaisa da ƙeyata.

Na sauka a Kwanar Ɗangora da jakar kwalabe. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni sarƙarsa tana ta ƙara, na ji kamar in rungume ta. Da muka kusa gida sai ya waiwayo. "Hajiya, a jakar nan kifi ne?"

Kaka ta tare ni a zaure, ta shinshina ni sama da ƙasa. "Ja'ira, akuyata ce ta dawo a haka?" Ta ƙwace kwalba guda, ta jiƙa tsumma ta rataye a dangar lambunta. Tun ranar ko akuya ɗaya ba ta sake kusantar alayyahunta ba. Ardo ya aiko yana tambaya me aka sa, shanunsa sun daina bin ta wajen.

Yanzu masu lambu har daga Bebeji suke zuwa, kwalba uku ta rage. Ummi, ke da kike son zuwa birni, in kin je ki gaishe min da Oga Fidelis. Ki ce kada ya zubar da man giya na wannan Asabar ɗin.