Taurari Biyar Sun Yi Yawa

Ina layin sayen soyayyen kifi da dankali a Sheffield, maza biyu a gabana. Mai tabarau yana rungume da sabon faifan mawaƙin nan Callum Threlfall.

"Ɗan'uwa, ka saurare shi?" in ji mai furfura.

"Ni zan yi sharhinsa a jarida. Taurari biyar zan ba shi. Tun da ya bar ƙungiyarsa, muryarsa ta huta da wancan mahaukacin mai ganga."

"Biyar? Ƙato da jita yana ta kuka shi kaɗai? Don Allah ba shi biyu."

"Kai ina ruwanka?"

"In ya sha yabo ba zai dawo ƙungiyar ba. Ni kuwa na gaji da fentin gidajen mutane."

"Au, kai ne mai gangar?"

"To, mu shirya a taurari uku," in ji mai furfura.