Manaja a Tabarmata

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni lebura ne a wani kamfanin sayen riɗi a Lafiya. Kwanakin baya buhuna suka rufto mini, na karye a ƙafa. Ina kwance a gida a Akurba, ina fargabar an ba wani aikina, sai ga manajanmu a kan keke! Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmata, ya ba ni albashina cif. Ya ce, "Baba Audu, yaya za mu riƙa jera buhunan nan kada a sake?" Nan take na faɗa masa dabarata. Tun ina saurayi nake dako, ba babban da ya taɓa neman shawarata. Yanzu yadda na faɗa ake jerawa. Jama'a, da me zan gode wa mutumin nan?