Hayaƙin Walda da Ya Cika Mini Huhu da Ruwa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Bulus, walda nake yi a nan Daura.

Wata Talata wani manomi ya kawo mini injin ban-ruwa daga Zango. Ya tsage, baƙin mai duk ya daskare a wurin. Ina da wani ruwan wanke ƙarfe da na sayo a Mai'adua, cikin jarkar da ba ko rubutu. Na wanke tsagar da shi, na sa wuta bai gama bushewa ba. Farin hayaƙi ya tashi, yana wari kamar jiƙaƙƙiyar ciyawa. Na ɗan yi tari, na ci gaba. Har abinci na ci da rana.

Da la'asar numfashi ya fara gagarata, kamar an ɗaure mini ƙirji da waya. Kumfa na fita ta bakina. Malam Ilu, mai facin da ke gefena, ya ce, "Bulus, leɓɓanka sun sauya launi. Hau babur, ban da gardama."

A asibiti aka sa mini iska a hanci. Ina ji likita tana yi wa matata Rahila bayani: irin wannan ruwa, da wuta ta taɓa shi, sai ya rikiɗe ya zama iska mai guba. Ba ta kayar da mutum nan take, sai ta bari ya sake, sannan huhu ya cika da ruwa.

Rahila ta ce, "Likita, zai tashi?"

Likitar ta ce, "Mama, mu dai yi ta addu'a."

Tsoro ya kama ni, 'yan'uwa. Ina ganin kowa, ina jin kowa, amma ina nutsewa a kan gado. Na tuna 'yarmu Ladi, ko sallama ban yi da ita ba. Na buɗe baki zan yi addu'a, murya ta ƙi.

Rahila ta sunkuyo kunnena. "Baban Ladi, faɗa a zuci, yana ji."

Na ce, Yesu, numfashi ɗaya kawai. Ya ba ni. Na roƙi wani, ya ƙara. Haka na yi ta roƙo har aka cire mini iskar.

Har yau in na yi sauri sai na yi haki, amma ga ni tsaye. Na gode wa Ubangiji, na gode wa likitocin da Malam Ilu. Masu aikin wuta, kada ku ƙona abin da ba ku sani ba. Kai kuma da tsoro ya shaƙe, ka dogara ga Yesu. Ko ba murya, yana ji. Amin.