Kujerar Tsakiya

A tashar Gashuwa, motar Nguru saura mutum ɗaya ta cika. Ina baya da 'yata Salma a cinya, jikinta zafi zau, asibiti za mu. Wurin da ya rage yana gabana, tsakanin wata dattijuwa da wani malami da ya ɗora jakarsa a kai.

"Malam, ɗauke jakarka, mai wurin zai zo," in ji dattijuwar.

"Iya, da a Turai ne haka za a bar shi. Da na hau jirgi daga Faris zuwa Rum, ɓangaren manya aka sa ni."

"Gado suka shimfiɗa maka?"

"A'a, tafiyar awa biyu ce. Kujerar irin ta kowa ce. Ta tsakiya kawai suke bari babu kowa, sai su ja labule."

"Au, wato kuɗin wanda bai zo ba ka biya?"

"Masu taron da na je ne suka biya."

"To da wa ka yi hira?"

"Babu. Na gefena ko kallona bai yi ba har muka sauka."

"Allah sarki. To ɗana, wanda bai zo ba ne ya tsayar da mu tun hantsi. Kana jin numfashin yarinyar bayanka? Yi mana irin ta Turai mana."

Ya waiwayo ya dubi Salma, sannan ya leƙa taga. "Direba, tayar! Na sayi wurin."

"Madalla," in ji Iya. "Amma mu nan ba ma barin wuri banza. Miƙo ta, 'yar nan, ta miƙe ƙafa."