Rubutun Gefen Shafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda ya ajiye aikinsa ya zo ya zauna mana. Babbar baƙuwarmu, marubuciyar da littafinta ya tara mu a wannan zaure. Shugabannin ƙungiyar masu karatu. Malamai da ɗalibai. Iyayena da ƙannena. Waɗanda suka samu kujera da waɗanda nake hangowa a tsaye a bakin taga. Masu katin aron littafi da masu karatu da katin maƙwabci, don ku ma na san ku. Ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga ƙungiya da ta ga ya dace a ba ni minti goma, ni da ban taɓa rubuta littafi ba. Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai kula da ɗakin karatun nan, shekara ashirin da shida ina zaune a bayan kanta ɗaya. Sunan da aka fi sanina da shi Malama Goge-goge, kuma ba na musu, domin duk littafin da aka dawo da shi da rubutun fensir a gefen shafi, sai na bi shi da magogi kafin ya koma ma'ajiyarsa. An ce in faɗi yadda masu karatu suka karɓi wannan littafi, tunda a gabana ake ɗauka, a gabana ake dawowa da shi. Zan faɗa. Amma ba zan ɓoye muku ba, ba don wannan kaɗai na amsa gayyata ba. Ina da ƙane da rabona da shi shekara tara, ina da saƙon da nake so ya kai gare shi, kuma ban san wata hanya ba sai bakinku. Ku yi mini haƙuri, zan zo kansa.

Wanda bai karanta ba, labarin ba shi da yawa. Wani mai gyaran agogo ne, mutum mai kirki a shago, matsoraci a gida. Mahaifinsa ya kwanta ciwo, ya kasa zuwa ya zauna a gefensa. Kullum yana shirya ban-haƙuri a zuciyarsa, kullum bakinsa yana faɗin wani abu dabam. Yana da mata, wadda ba ta taɓa yin kuskure ba, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Babu mugu a littafin, babu waliyyi. Kwafi uku muka samu, kuma a shekara guda ban ga ukun sun kwana tare a ma'ajiyarsu ba.

Abu na farko da na gani a wurin masu karatu shi ne fushi. Akwai wani direban babbar mota, mutum ne mai murya, idan ya yi sallama har na ɗakin jaridu sai sun amsa. Kwana uku da ɗauka ya dawo ya buga littafin a kan kanta.

Ya ce, "Malama, wannan wane irin ragon namiji ne? Wallahi da ƙanena ne da na zane shi."

Na ce, "To ka gama ke nan, in karɓa?"

Ya dafe shi da hannu ya ce, "Saura shafi arba'in. Bari in ga ƙarshen sakarai."

Bayan mako guda ya dawo, wannan karon ko sallamarsa da ƙyar na ji. Ya ajiye littafin a hankali, ya tsaya yana juya makullin mota a yatsa. Can ya ce, "Wa ya gaya wa matar nan sirrina? Ni ma haka nake. Tun daga hanya nake shirya yadda zan ba uwar 'ya'yana haƙuri, ina shiga gida sai in ji bakina yana tambayar wa ya bar famfo a buɗe." Ranki ya daɗe marubuciya, ga ki ga shi, yana layi na uku, ki ba shi amsa da kanki.

Abu na biyu, kowa ya fara karatun nan, wani yake fara gani a ciki kafin ya ga kansa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wata ma'aikaciyar jinya ta karanta, ta dawo da murnarta ta ce in sabunta mata aro, za ta kai wa maigidanta, domin a cewarta mai gyaran agogon nan shi ne sak, har tafiyar. Ta kai masa. Da ta dawo da littafin na tambaye ta ko ya ga kansa. Ta yi tsaki ta ce, "Ina fa! Ya karanta tas, ya miƙo mini, ya ce wai lallai marubuciyar nan ta san ni, matar mai gyaran agogon ni ce har yadda take rufe ƙofa." Na yi dariya har da hawaye. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Malama, abin da ya ba ni haushi, na sake karantawa, kuma yana da gaskiya."

Abu na uku shi ne kewa, kuma shi ya fi yawa. Mutane ba su cika dawo da littafin nan da hira kan mai gyaran agogo ba. Da sun fara zancensa sai su zarce zancen wani nasu: uba, aboki, 'yar da ta yi nisa. Kun san inda labarin ya tsaya, mutumin yana bakin ƙofa, ya ɗaga hannu, ba a gaya mana ya ƙwanƙwasa ko bai ƙwanƙwasa ba. Wani tsohon malamin makaranta, wanda ya koyar da rabin mutanen da ke zauren nan, ya zo mini da sandarsa ya ce, "'Yata, in kin ga mai littafin nan, ki ce ta ƙara shafi ɗaya. Shafi ɗaya kawai." Na ce, "Baba, ai ta bar wa mai karatu ne ya ƙarasa." Ya ce, "Ni na ƙarasa nawa tun shekara goma sha biyu da suka wuce. Ina ta cewa gobe zan je wurin aminina mu shirya, sai aka aiko mini da rasuwarsa. Ko a takarda ne, ina so in ga wani ya yi abin da ban yi ba." Allah Ya yi wa wannan dattijo rasuwa wata biyu da suka wuce. Na isar da saƙonsa yau, Allah Ya jiƙansa.

Yanzu na zo kan nawa.

Babu littafin da aka taɓa yi wa rubutu a gefe kamar wannan. Doka ta hana, amma hannun mutane bai ji doka ba. Ni kuma ina da yadda nake aikina. Tun ina sabuwar ma'aikaciya na lura cewa in ka tsaya karanta abin da mutane suka rubuta, aiki ba ya ƙarewa, kuma kana shiga sirrin da ba a gayyace ka ba. Saboda haka nake juya littafi, samansa ya koma ƙasa, in bi shi shafi-shafi da magogi, ina ganin baƙin fensir ba na ganin kalma. Ina alfahari da wannan dabara, har na koya wa waɗanda suka zo bayana.

Wata huɗu da suka wuce, ranar wata Talata da hantsi, na buɗe akwatin da ake jefa littattafan da aka dawo da su, na tarar da kwafi na biyu. Ban taɓa ganin ɓarna irin wannan ba. Daga shafin farko har na ƙarshe, gefe da sama da ƙasa, babu inda aka bari. Raina ya ɓaci. Na juya shi, na zauna, na fara. Na cinye magogi ɗaya na ɗauko na biyu. Ina gogewa ina hure garin, ina faɗa a raina cewa wasu ba su da tarbiyya. Shafi ɗari biyu da goma sha ɗaya na goge, ban karanta harafi ɗaya ba. Da na kai shafin ƙarshe, sai na juyo littafin daidai don in duba ranar da aka ɗauke shi a takardar da ke manne a bango, idona ya faɗa kan layi uku da suka rage.

Ni na koya wa mai wannan hannu rubutu. Bahago ne, haruffansa baya suke kwanciya, na sha dukan yatsunsa a kan hakan muna yara bai daina ba. Ga abin da ya rubuta, na haddace shi:

"Yaya, na san ke ce mai gogewa, shi ya sa na rubuta a nan. Na faɗa miki komai. Idan kin karanta duk wannan ba ki neme ni ba, na fahimta, ba zan ƙara damunki ba."

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Shekara tara ina jiran ƙanena ya buɗe baki, ya buɗe, na bi da hannuna na shafe.

Dole in gaya muku abin da ya raba mu, ko da yake ba abin faɗa a taro ba ne. Mahaifiyarmu ta yi jinyar wata biyu a asibiti. Ni na kwana da ita, ni na juya ta, ni na ba ta ruwa a cokali. Shi ne autanta, shi take tambaya duk lokacin da ta farka. Na aika masa sau uku, bai zo ba. Sai bayan an kai ta makwancinta ya shigo gida, mutane cike da tsakar gida. Ya durƙusa ya ce, "Yaya." Na dube shi na ce, "Ni ba ni da ƙane." Ya tashi ya fita. Ya bar aikinsa, ya bar ɗakin da yake haya, lambarsa ta daina shiga. Ni kuwa na zauna da gaskiyata, domin ina da gaskiya, kowa ya ce ina da gaskiya. Na karanta littafin nan sau biyu, na yi wa ma'aikaciyar jinya dariya, ban taɓa tambayar kaina wace ce ni a cikinsa ba.

Na yi duk abin da mai aikina zai iya. Na kai littafin bakin taga na karkata shafukan ga haske, ko sawun fensir zai nuna. Amma na iya aikina, abin takaici, na goge da kyau. Kalmomi kaɗan na tsinta. A wani shafi na ga "tsoro". A wani na ga "bakin ƙofar asibiti", a wani kuma "na juya". A wurare da yawa na ga "Yaya". A shafi na ɗari biyu akwai abin da ya yi kama da lambar waya, lamba huɗu kawai suka fito. Na duba katin da aka yi aron da shi, na wani makanike ne, kuma ranar da ba na kan aiki aka ɗauka. Na je garejinsa da ƙafata. Ya share hannu da tsumma ya ce, "Wallahi Malama, wani bawan Allah ne ya kawo gyaran babur, ya ga katin a kan teburi ya roƙe ni. Mutum ne mai shiru-shiru, furfura ta fara masa a gemu. Ban san inda yake zaune ba." Furfura. Ni yaro na sani, mai gudu ya ɓuya a bayana idan an ɗauko bulala.

Tun daga ranar nake duban ƙofar ɗakin karatu fiye da yadda nake duban littattafai. Duk bahagon da ya karɓi biro a kanta sai na ɗago na ƙare wa fuskarsa kallo. Ina kewarsa. Ina kewar yadda yake cinye nasa abincin ya zo ya zauna kusa da nawa. Ina kewar wanda zan ce wa "ka tuna lokacin da Inna ta ce", ya ƙarasa mini, domin duk duniya babu wanda ya rage da zai iya ƙarasawa sai shi. Abin da ya fi ci mini rai, yana can yau wata huɗu yana ganin na karanta, na auna, na yi shiru.

Don haka ga roƙona gare ku. Ku da yawa ne, kuna shiga inda ba na shiga. Direbobi, malaman asibiti, masu shaguna, ɗalibai: duk wanda ya san wani bahago mai babur, ɗan shekara arba'in da uku, mai tabon ƙuna a wuyan hannun dama, wanda ba ya son a yi zancen gida, don girman Allah ya kai masa maganata yadda na faɗe ta, kada ya gyara mini.

Ya ce masa: yayarka ba ta karanta ba. Gogewa ta yi, da kai a sunkuye, kamar yadda ta saba. Shirun da ka ji ba amsa ba ce. Ba ta san abin da ka rubuta ba, kuma ba sai ta sani ba, ba ta neman bayani. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Maganar da ta raba ku a gaban mutane ta faɗe ta, saboda haka a gaban mutane take janye ta.

Mai girma shugaba, jama'a, ku zama shaida. Ina da ƙane.

Allah Ya saka wa marubuciyarmu da alheri, Ya ƙara wa alƙalaminta albarka. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya yafe mana abin da muka gaza yi musu. Duk wanda ya zo nan da wani a ransa, Allah Ya ba shi ƙarfin nemansa tun ana raye. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya dawo mini da nawa.

Na gode.