Tashar da Kwamfuta Ba Ta Gani

A bencin shagon gyara, wata ma'aikaciyar jinya ta zauna kusa da wani dattijo da ya rungume akwatin rediyo.

"Baba, har yanzu wannan tana kama labarai?"

"Magana nake yi da mutanen nesa ta cikinta, 'yata, har lasisi gare ni. Ke me ya kawo ki?"

"Kwamfutar da ƙanena ya aiko mini daga waje. Wayar kowa tana ganin intanet ɗin gidanmu, ita kuwa ta makance. Ga jarrabawa zan yi da ita gobe."

"Lafiyarta ƙalau. Inda aka sayo ta an hana hawa wasu tashoshin intanet, sai kamfani ya kulle su. Ina zaton na'urar intanet ɗin gidanku tana kan tasha ta goma sha uku. Ki sa a mayar da ita ta shida."

"Ikon Allah! To, ba gara a fasa kullen a huta ba?"

"A'a. Iska ma kowa da layinsa. Da kowa yana kutsawa inda ya ga dama, da ban taɓa jin muryar abokina ba."

"Wane aboki?"

"Wani malamin makaranta can ƙetaren teku. Ban san fuskarsa ba. Amma ranar da matata ta rasu ban kunna ba, ya wuni yana kirana."

Ta daɗe tana kallon akwatin.

"Baba, idan an gyara ka gaishe shi."

"Ai saboda shi na yi sammako. Kwana biyu bai ji ni ba, kada ya zaci na bi matata."