Dattijon da ke Cikin Madubi

A ɗakin jira na asibitin ƙwaƙwalwa a birnin Lyon na ƙasar Faransa, wani tsoho ya juyo wajen matar da ke gefensa.

"Ni ma likitan ƙwaƙwalwa ne kafin in yi ritaya, baiwar Allah. A zamanin kakana aliyenis ake ce mana, wato mai maganin wanda ya zama baƙo ga kansa."

"To, me ya kawo ku, Baba?"

"Jiya na gaishe da wani dattijo a madubi, har na ba shi hanya. Mutumin kirki, shi ma ya kauce."

Aka leƙo aka kira Likita Vasseur. Tsohon ya waiwaya yana neman wanda aka kira.

"Baba, ai mu biyu ne kawai a nan. Ku ake kira."

"Au, haka ne. Bari in raka shi, kar ya ɓata."